FamilySearch: Rumbun Nasaba na Cocin Mormon a Hannun Bakano

A cikin shafukan intanet da ke hidimar binciken asali da nasaba, FamilySearch yana sahun gaba wajen girma, kuma ba ya karɓar ko sisin kwabo daga mai amfani da shi. Takwarorinsa irin su Ancestry da MyHeritage kamfanonin kasuwanci ne, mafi yawan taskarsu a kulle take sai ga wanda ya biya kuɗin wata ko na shekara da kuɗin waje, abin da a halin da naira take ciki ba kowane magidanci ne zai yi sha'awarsa ba. FamilySearch kuwa rajista kawai yake buƙata. Sai dai mutumin Kano ya tashi cikin ciniki, ya kuma san cewa duk inda aka miƙa maka kaya mai tsada a kyauta, akwai wanda ya biya, kuma yana da dalilinsa na biya. A nan mai biyan shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, wanda duniya ta fi sani da cocin Mormon, mai hedikwata a birnin Salt Lake na Jihar Yuta a Amurka, dalilinsa kuwa na addini ne tsantsa. Ba zai yiwu a auna wannan hidima da adalci ba sai an san waɗannan mutane da abin da suka yi imani da shi game da matattu.

Da zarar an shiga shafin, abin da yake fara ɗaukar ido shi ne wurin bincike, inda ake rubuta suna da gari da shekara, na'ura ta lalubo cikin biliyoyin sunayen da aka kwafo daga takardun ƙidayar jama'a, rajistar haihuwa da aure da mutuwa, littattafan coci-coci, jerin fasinjojin jiragen ruwa da takardun kotuna na ƙasashe sama da 100. Gefe guda akwai bishiyar nasaba, inda mutum zai fara da kansa ya hau zuwa iyaye da kakanni, sannan akwai ma'ajiyar da ake ɗora hotuna da takardu da sautin murya a liƙa su ga sunan mai su. Duk wannan yana aiki a kwamfuta da manhajar waya. Shafin ba ya cika wa mutum ido da tallace-tallace, kuma matuƙar rubutu ake shigarwa ba ya cin data sosai, sai dai idan aka shiga buɗe hotunan tsofaffin kundaye shafi bayan shafi.

Wanda ya kafa addinin shi ne Joseph Smith, ɗan gidan manoma talakawa da aka haifa a Jihar Vermont a 1805, ya kuma girma a kusa da garin Palmyra a yammacin Jihar Niyok, a wani zamani da masu wa'azin ɗariƙu daban-daban na Kirista suke ta gasar jan mabiya a yankin. Smith ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga wani kurmi ya roƙi a nuna masa cocin gaskiya, sai Allah Uba da Yesu suka bayyana gare shi suka hana shi shiga kowanne. Ya ce a 1823 wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa wasu alluna na zinariya da aka binne a wani tudu, aka damƙa masa su a 1827, ya fassara abin da ke cikinsu, mala'ikan ya karɓe kayansa. Fassarar ita ce Littafin Mormon, wanda aka buga kwafi 5,000 a 1830, kuma yana ba da labarin wasu mutane da suka baro Kudus kimanin shekara 600 kafin haihuwar Almasihu suka ƙetara zuwa nahiyar Amurka, inda Yesu ya ziyarci zuriyarsu bayan tashinsa. Mabiya suna riƙe da shi a matsayin nassi tare da Littafi Mai Tsarki, masana tarihi da masu tonon kufai waɗanda ba 'yan cocin ba kuwa ba su karɓe shi a matsayin tarihi ba. A ranar 6 ga Afrilu 1830 aka kafa cocin a hukumance.

Shekarun da suka biyo baya na ɗauki ba daɗi ne. Mabiyan sun kasance suna tarewa wuri guda, suna ciniki a tsakaninsu, suna kuma jefa ƙuri'a baki ɗaya, saboda haka duk inda suka sauka sai maƙwabta su tsorata da yawansu. Daga Niyok suka koma Kirtland a Ohayo, suka kuma nufi Misuri, inda rikici ya kai ga Gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarni a 1838 cewa ko dai a kore su daga jihar ko a ƙarar da su, umarnin da ba a soke shi a hukumance ba sai a 1976. Suka gina birnin Nauvoo a bakin kogin Misisipi a Jihar Ilinoi, ya bunƙasa cikin 'yan shekaru, Smith ya zama magajin gari kuma shugaban dakarunsa. Bayan da majalisar birnin ta sa aka lalata maɗaba'ar wata jarida da ta fallasa batun auren mata da yawa, aka tsare shi a kurkukun Carthage, inda gungun mutane ɗauke da bindigogi suka kashe shi tare da yayansa Hyrum a ranar 27 ga Yuni 1844. Brigham Young ya ja mafi yawan mabiyan suka ratsa fiye da mil dubu a kan kekunan shanu, ayarin farko ya isa kwarin Salt Lake a watan Yulin 1847. Adalci ya sa a ambata cewa su ma hannunsu bai tsira daga jini ba, domin a 1857 wasu dakarunsu sun hallaka matafiya kimanin 120 a wurin da ake kira Mountain Meadows.

Batun mata da yawa shi ne abin da aka fi saninsu da shi, kuma shi ne ya haɗa su faɗa da gwamnatin tarayyar Amurka. Sun bayyana shi a fili a 1852, majalisar dokoki ta haramta shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin a 1879, aka ɗaure mazaje, aka fara ƙwace dukiyar cocin, har shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da dakatar da al'adar a 1890, sannan Yuta ta samu zama jiha a 1896. Mai karatu a Kano zai yi murmushi idan ya ji cewa maƙiyansu a wancan zamani sukan kwatanta su da Musulmi da nufin ɓata su. A yau cocin yana korar duk wanda ya ƙara mata, masu yin haka ƙananan ƙungiyoyi ne da suka ɓalle. Abin lura ga mai nazarin FamilySearch shi ne, shekara huɗu kacal bayan sanarwar 1890, a ƙarƙashin wannan Woodruff ɗin, aka kafa ƙungiyar binciken nasaba ta Yuta a 1894, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama shafin da muke magana a kansa.

Aƙidarsu ta bambanta da ta sauran Kiristoci a wurare masu nauyi. Suna cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban-daban masu manufa ɗaya, cewa Uban yana da jiki na nama da ƙashi, cewa rayukan mutane sun rayu tare da shi kafin a haife su, kuma bawa mai biyayya zai iya ɗaukaka a lahira har ya zama kamarsa. Suna cewa ikon gudanar da ibada ya ɓace daga duniya bayan mutuwar manzannin Yesu, aka dawo da shi ta hannun Smith, saboda haka shugaban cocin na kowane zamani annabi ne a wurinsu, yana da mataimaka biyu da majalisar manzanni 12. Daga nan ne wata tambaya ta taso musu. Idan babu shiga ɗaukaka mafi girma sai da baftismar da mai wannan iko ya yi, wato wankan shiga addini, to mece ce makomar dubban miliyoyin da suka mutu ba su taɓa jin labarinta ba? Amsar da Smith ya bayar a Nauvoo a 1840 ita ce rayayye zai iya shiga ruwa a madadin mamaci, a kira sunan mamacin a yi masa baftisma, shi kuma a duniyar ruhohi yana da zaɓin karɓa ko ƙi. Suna kafa hujja da wata aya a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura 15 aya 29, da kuma ƙarshen littafin Malakai inda aka yi maganar juyo da zukatan 'ya'ya zuwa ga iyayensu. Ba baftisma kaɗai ba, akwai kuma ibadar da suke ɗaure miji da mata, da iyaye da 'ya'ya, ɗaurin da suka yi imani mutuwa ba ta kwance shi. Waɗannan ibadu a cikin haikali kawai ake yin su, inda ba ya shiguwa sai ga ɗan cocin da ke da takardar shaida daga shugabanninsa, kuma ba a yi wa mamaci sai an san sunansa da wani abu na zamaninsa da garinsu.

Wannan buƙata ta suna ita ce ta sa suka tashi haiƙan. Tun daga 1938 suka fara aika ma'aikata da kyamarori zuwa ma'ajiyoyin gwamnatoci da coci-coci suna ɗaukar hoton kundaye a kan siririn fim, su bai wa mai kundin kwafi kyauta su riƙe nasu. A 1965 suka kammala wata ma'ajiya da aka fafe a cikin dutse a kudu maso gabashin Salt Lake, inda suka tara naɗin fim kimanin miliyan 2.4. An buɗe shafin intanet ɗin a 1999, kuma a 2021 suka sanar da kammala mayar da dukan fina-finan zuwa hotunan kwamfuta. Duk abin da mutum zai ce game da aƙidar, aikin adanawar ya cancanci yabo, musamman a idon wanda ya taɓa ganin yadda gara da ɗigar ruwa da ƙurar hunturu suke cinye tsofaffin takardu a gidajenmu.

Wahalar farko da Bakano zai ci karo da ita ba ta na'ura ba ce, ta tsarin suna ce. Gurbin da aka tanada na sunan farko ne da sunan iyali irin wanda Turawa suke gada daga kaka zuwa jika, alhali mu sunan uba muke jinginawa, ko na unguwa kamar Yakasai da Kurawa da Gwammaja, ko na garin da aka taso, ko na sana'a da sarauta. Mutum ɗaya zai kasance da sunan yanka, da laƙabin da kakarsa ta sa masa domin ta sakaya sunan surukinta, da sunan da aka rubuta masa ranar da aka kai shi makarantar boko, da wanda ke cikin fasfonsa na aikin Hajji. Shafin yana da wurin ƙara wasu sunaye da laƙubba, kuma shawarata ita ce a cika shi tun da wuri, domin in ba haka ba gida ɗaya zai tara Muhammadu da Abdullahi da Hauwa birjik, ba a gane wane ne wane ba. Wajen aure kuwa bai ba ni matsala ba ko kaɗan, yana karɓar mata da yawa ga miji ɗaya, ya jera 'ya'yan kowane ɗaki a ƙarƙashin mahaifiyarsu, wanda ba abin mamaki ba ne ga mutanen da kakanninsu suka yi irin wannan zama. Shekara ta Miladiyya yake aiki da ita, sai dai yana yarda a rubuta ƙiyasi, kuma a nan ne sanin zamanin sarakuna yake amfani: Turawa sun ci Kano a 1903, Sarki Abbas ya yi mulki daga nan zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Muhammadu Sanusi zuwa 1963.

Na ga amfanin wannan lissafi a ɗakin gwaggona a cikin gari, ranar da na kai mata waya domin in naɗi muryarta. Tana kan tabarma da carbi a hannu, na tambaye ta game da kakanmu, "Gwaggo, a wace shekara aka haifi Malam?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wa yake rubuta shekara a lokacin? Abin da na ji dai, yana rarrafe Sarki Abbas ya rasu." Sai na rubuta wajen 1918. Daga nan ta shiga jero mutane ɗaki-ɗaki, wadda aka aurar a Bichi, wanda ya tafi fataucin goro Gwanja bai dawo ba, tagwayen da suka koma tun suna goye, duk ba tare da gargada ba. Da ta zo kan mahaifin mijinta sai ta tsaya, ta nuna wani yaro da ke wasa a tsakar gida ta ce, "Mai sunan wancan." A cikin zama ɗaya ta ba ni abin da duk binciken da na yi a shafin bai ba ni ba, kuma ma'ajiyar sauti ta manhajar ita ce ɓangaren da na fi ganin ƙimarsa ga irinmu, domin ilimin nasabarmu a bakin tsofaffin mata yake, ba a ofishin rajista ba. Amma da ta tambaye ni ko na su wane ne wannan abin da nake dannawa, na yi mata bayani gwargwadon iko, sai ta ce, "To, ka rubuta mini nawa a takarda in sa a adaka, sunan Malam kuma kada ka kai musu."

Kafin a zo kan damuwarta, ya kamata a faɗi gaskiya game da bincike. Ƙarfin taskar yana inda aka daɗe ana rubuta haihuwa da mutuwa, wato Turai da Amurka ta Arewa da ta Kudu da ƙasashe irin su Filifin. Wanda kakansa ya yi karatu a Ingila ko ya shiga Amurka ta jirgin ruwa yana iya dacewa da sunansa a jerin fasinjoji. Wanda kuwa yake neman asalin Agalawa ko Tokarawa, ko salsalar Sharifai da Wangarawa, ko yadda gidansu ya haɗu da Sulluɓawa ko Yolawa ko Jobawa, to hanyarsa tana wajen dattawan unguwa, da takardun ajami da na Larabci da ke cikin gafakar malamai, da Gidan Ɗan Hausa, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Wannan ba laifin shafin ba ne, abin da ba a taɓa rubutawa ba babu kyamarar da za ta ɗauke shi. Su ma sun gane haka, shi ya sa suke da wani shiri na naɗar nasabar baka a ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya da Gana, inda ake zama da dattawan gari a rubuta sunayen da suka haddace.

Abin da ya fi buƙatar tunani shi ne tsarin bishiyar kanta. Ba kowa ne da tasa ba, bishiya ɗaya ce ta duniya baki ɗaya, domin burinsu shi ne su haɗa 'yan Adam cikin salsala guda. Rayayyun da ka shigar kai kaɗai kake ganinsu, amma duk wanda ka rubuta cewa ya rasu ya zama na kowa, duk mai rajista zai iya ganinsa, ya gyara masa suna, ya canza masa uba, ko ya haɗe shi da wani mai irin sunansa, tamkar allon da aka jingine a zaure, wanda ya zo ya wanke ya rubuta nasa. Akwai kundin da ke nuna wanda ya yi kowane canji, ana iya mayar da abu yadda yake, ana kuma iya aika wa mai gyaran saƙo, sai dai goge mutum gaba ɗaya yana wuya da zarar hannun wani ya taɓa shi. A ƙasar da nasaba abin sha'awa ce ta masu ritaya wannan ba komai ba ne. A Kano kuwa, inda ake binciken asali kafin a ba da aure, inda rabon gado yake tsayuwa a kan wane ɗan wane ne, inda gidajen sarauta suke ƙirga kakanni, inda kuma har yau akwai gidajen da ba sa son a tono cewa kakarsu ƙwarƙwara ce ko kakansu bacucane ne, saka irin wannan bayani a bainar jama'a ba aikin yaro ɗaya mai waya ba ne, magana ce ta dangi.

Ita kuma damuwar Gwaggo tana da tushe, ko da yake bai kamata a zuzuta ta ba. Shigar da suna a bishiyar ba ya nufin an yi wa mai shi baftisma. Sai wani ɗan cocin ya ɗauki sunan ya kai haikali, kuma ƙa'idarsu ita ce ya kasance danginsa ne, sannan idan an haifi mamacin cikin shekara 110 da suka wuce sai ya nemi izinin makusancinsa da ke raye. Ga gidan Musulmi a birnin Kano wanda ba shi da ɗan cocin a cikin zuriya, yiwuwar hakan ƙarama ce. Amma ƙa'idar ta dogara ne a kan amanar mabiya, kuma an sha karya ta. A 1995 cocin ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Yahudawa bayan an gano cewa an yi wa ɗimbin waɗanda 'yan Nazi suka kashe wannan baftisma, kuma a 2012 ya sake ba da haƙuri da aka gano an yi wa iyayen Simon Wiesenthal, Bayahuden da ya shahara wajen farautar 'yan Nazi. A 2008 fadar Fafaroma ta umarci majami'unta da su daina bai wa cocin Mormon kundayensu domin a kwafa. Musulmi ba baƙo ba ne ga tunanin rayayye ya amfani mamaci, yana yi masa addu'a, ya yi masa sadaka, ya biya masa bashi, har ya yi aikin Hajji a madadinsa. Bambancin shi ne duk waɗannan ana yin su ne cikin addinin da mutum ya mutu a kai, kuma a wurinsa an rufe annabci, an kuma rufe littafin aikin mamaci. Saboda haka wani zai ce abin da bai yi imani da shi ba ba zai cutar da kakansa ba, wani kuma zai ce ko ba ya cutarwa rashin ladabi ne ga malamin da ya ƙare rayuwarsa a kan buzu. Ni na fi karkata ga na biyun, duk da na yarda cewa masu yin ibadar da niyyar alheri suke yi.

Akwai wani tarihi da ɗan Afirka ya kamata ya riƙe a zuciya. Tun daga zamanin Brigham Young, wajen 1852, cocin ya hana baƙar fata matsayin firist, wato ikon gudanar da ibada, da shiga manyan ibadun haikali, kuma bai janye wannan hani ba sai a watan Yunin 1978, a ƙarƙashin Spencer W. Kimball. A 2013 ne ya fitar da bayanin da ya barranta daga hujjojin wariyar da aka riƙa kafawa a da. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa aka makara wajen kula da nasabar Afirka. Abin mamaki shi ne tun kafin 1978 akwai mutane a kudu maso gabashin Nijeriya da suka ci karo da ƙasidun cocin, suka riƙa rubuta wasiƙu zuwa Salt Lake, har suka kafa majami'u da sunansa ba tare da izini ba. Ɗaya daga cikinsu, wani malamin makaranta mai suna Anthony Obinna, shi ne aka fara yi wa baftisma a ƙasar a watan Nuwamban 1978. An buɗe haikalin Aba a Jihar Abiya a 2005, an sanar da shirin gina wasu a Legas da birnin Benin da Abuja, an fassara littafinsu zuwa harsunan Ibo da Yarabanci da Efik, kuma mabiyansu a Nijeriya sun haura 200,000, mafi yawansu a kudu, cikin fiye da miliyan 17 da cocin yake ƙirgawa a duniya.

A Amurka kuwa waɗanda aka taɓa kora da bindiga sun zama cikin masu faɗa a ji. An san su da ƙin giya da taba da shayi da gahawa bisa wata ƙa'ida ta 1833, da bayar da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu, da azumin Lahadin farko na kowane wata wanda suke ba da kuɗin abincinsa ga mabuƙata, da kuma samarin nan masu fararen riguna da baƙin allon suna a ƙirji waɗanda suke tafiya bibbiyu wa'azin shekara biyu. Shugabannin majami'unsu na unguwa ba a biyansu albashi. Suna da Jami'ar Brigham Young a Provo, kuma ɗansu Mitt Romney ya yi wa jam'iyyar Rifablikan takarar shugaban ƙasa a 2012. Duk da haka coci-coci da dama ba su ɗauke su a matsayin Kiristoci irinsu ba, har fadar Fafaroma ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba ta inganta ba, su kuma tun 2018 suka nemi a riƙa kiransu da cikakken sunan cocin. Dukiyarsu ma ta jawo magana, domin a 2023 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka ta ci cocin da kamfanin zuba jarinsa tarar dala miliyan 5 saboda ɓoye girman hannun jarin da suka mallaka. Wannan dukiya, wadda tushenta ushirin mabiya ne, ita ce take ɗaukar nauyin FamilySearch, kuma ita ce ta sa nake ganin shafin ba zai rufe gobe ba kamar yadda ƙananan kamfanoni suke rufewa da kayan mutane a ciki.

Ga ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero, ko wanda danginsa suka watsu zuwa ƙasashen waje, ko Kiristan Sabon Gari da kakanninsa suke cikin rajistar mishan, wurin binciken ya cancanci a buɗe shi, tunda lalube kawai ba ya buƙatar ka ba da sunan kowa naka, kuma a iya amfanin da na yi da shi babu wanda ya tunkare ni da wa'azi. Ɗora nasabar gida kuwa sai bayan an zauna da manya an yi shawara, an kuma karanta sharuɗɗan amfani, domin sun ba cocin izinin adanawa da yaɗa abin da aka ɗora. Hoto ko sautin da aka saka a ma'ajiya a duba ko a buɗe yake ga kowa ko an killace shi, musamman hotunan mata. Wanda dangi suka amince masa ya shigar da magabata zai iya fitar da jadawalin nasabar daga shafin ya kai shagon buga takardu a buga masa, ya raba wa kowane ɗaki kwafi, sautin tsofaffi kuma ya ajiye asalinsa a memori da kwamfutar gida kafin ya ɗora ko'ina.